Nomau da Waƙoƙin Baba Nagoma

A Tudun Kanya, yamma da kasuwa inda gidajen maƙera suka ƙare, akwai wani gida mai zaure ɗaya da darbejiya a ƙofarsa. Mutum uku ne a cikinsa. Akwai Baba Nagoma mai gurmi, wanda a zamaninsa ba a gayya ko bikin aure a yankin ba a aiko masa da goro ba. Akwai ɗan autansa Nomau. Sai kuma Hansai matar Nomau, wadda mutanen unguwa suke cewa hankalin gidan duk a ɗakinta yake kwana.

Nomau ba mahaukaci ba ne, ba kuma malalaci ba. Ƙato ne mai ƙarfi, in ya kama garma sai ka tausaya wa ƙasa. Matsalarsa guda ce: yadda magana ta fito daga bakinka haka take shiga kansa, ba ya rage mata komai, ba ya ƙara mata. Hansai ta taɓa ce masa ya sa ido a kan tukunya za ta leƙa maƙwabta. Ta dawo ta tarar miya ta ƙone ƙurmus, shi kuwa yana tsugune ya ƙura wa tukunyar ido, hayaƙi ya sa hawaye na bin kumatunsa, ko ƙiftawa bai yi ba.

Shi Baba Nagoma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya karɓe masa hannun dama, gurmi ya koma rataye a bango. Amma kafin ciwon ya zo, Allah ya sa Sallau, mai shagon cajin waya da dura waƙoƙi a bakin kasuwa, ya bi gida-gida ya aro tsofaffin kaset-kaset na Baba, ya juye su a kwamfutarsa, ya zuba masa su a wani ɗan emfitiri, wato 'yar na'urar jin waƙa, da bai wuce kwalin ashana ba. Kowace waƙa da sunanta, da gayyar da aka yi ta, da wanda ya yi amshi. An jera su yadda Baba ya ce: na noma a gaba, na biki a tsakiya, can ƙarshe kuma waɗanda ya yi a tsakar gida, marigayiya Inna Tabawa uwar Nomau tana yi masa amshi tana dariya. Baba bai iya karatu ba, da jerin nan yake gane hanya. Zai sa iyafis a kunne, ya riƙa dannawa da babban yatsan hagu, ya san abin da ke bin abin da. Mutanen gari suka sa wa ɗan emfitirin suna Nagoma Ƙarami.

Wata rana wani falke ya dawo daga Maraɗi da wani tsohon kaset da ya tsinta wajen mai sayar da tarkace. Ashe kiɗan wata babbar gayya ne da Baba ya yi tun yana da baƙin gashi, wanda ya daɗe da cire rai da sake jin sa. Baba ya ba Nomau kaset ɗin ya ce, “Auta, kai wa Sallau. Ka ce ya sa min ita cikin na noma, a wurinta.” Nomau ya tarar da Sallau ya yi tagumi a gaban laftof. Sallau ya karɓi kaset ya ajiye, ya ce sai dai a yi haƙuri, manhajar da yake jera waƙoƙi da ita ta tsufa, tun safe kwamfutar ta daskare, ko ya danna ba ta motsi. Aka kira azahar, ya ce wa Nomau ya zauna masa a shago ya je masallaci, in ya dawo shi ma ya je. Nomau ya zauna yana kallon laftof yana jin tausayinta. Shi dai ya san in man shanu ya daskare kusa da murhu Hansai take kai shi. Ya tsallaka wajen mai tsire ya aro kasko da garwashi, ya samo duwatsu ya girka, ya ɗora laftof a kai, ya kama fifita da wani kwali. Sallau tun daga nesa ya jiwo warin roba. Ya shigo a guje, Nomau ya tare shi da fara'a.

“Ta fara sakewa, Malam Sallau. Taɓa gefen nan ka ji, har ya yi laushi.”

Mai gyaran da Sallau ya kai wa laftof ɗin a Funtuwa ya juya ta ya juya ta, ya ce duk abin da ke cikinta ya tafi. Ya ƙara da cewa dama can kwananta ya kusa ƙarewa, amma wannan maganar ba ta hana Hansai tasa mijinta gaba ba, sai da ya nome gonar Sallau tas, ya yi mata maimai. Abin da ya fi damun Sallau ba laftof ɗin ba ne. Ya zo har zaure ya durƙusa ya gaya wa Baba cewa tsofaffin kaset ɗin nan ya daɗe da mayar wa masu su, wasu damina ta ci, wasu yara sun zare zaren sun yi wasa da shi. Yanzu duk duniya babu inda waƙoƙin suke sai cikin Nagoma Ƙarami. Baba ya ɗauki ɗan emfitirin daga kan tabarma ya sa a aljihun ƙirji, ya dafe da hannun hagu.

Wata rana ƙanin Sallau ya aiko masa da wata laftof daga Kano, ta hannu ce amma da sauran ƙarfinta. Sai dai tsohuwar manhajar ta ƙi hawa kanta, dole ya koma wata sabuwa wadda bai saba da ita ba. Nomau, da yake yanzu kullum yana shagon yana neman abin da zai yi ya wanke laifinsa, ya tambaya wai mece ce manhaja. Sallau ya yi tunani ya ce ya ɗauka gida ce da waƙoƙi suke zama a ciki, kowace da ɗakinta. Tsohon gida ya rushe, don haka gobe da safe za su kwashe komai su koma sabon gida. To, kowa a Tudun Kanya ya san Sallau yana da wani gini a bayan gari, an kai linta amma ba a yi rufi ba. Nomau ya yi mamakin mutum zai tare a gidan da babu rufi, amma ya ce a ransa mai abu shi ya san abinsa. Washegari da sassafe Sallau ya buɗe shago, ya jona wayoyin mutane, ya tafi shan shayi da laftof ɗinsa a jaka. Nomau ya iso da amalanken shanu. Ya loda benci da tebur da janareto, ya naɗe igiyoyin caji, ya kwashe wayoyin rabin gari ya shimfiɗa su a kan buhu a hankali kamar ƙwai, ya ja shanunsa.

Da masu wayoyi suka fara zuwa suka ga shago fayau, sai aka ce ɓarayi. Sallau ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Samari suka ɗauko sanduna, wani har ya hau babur zai je ya kira 'yan banga. Ana cikin haka sai ga Nomau ya dawo da amalanke babu kaya, da guduma a hannu. Ya ratsa taron ya yi sallama, ya tambayi Sallau ko ƙyauren shagon ma za a tafi da shi, don can ya ga babu ƙofa. Haka aka bi shi ɗuu har bayan gari. Tun kafin a isa aka jiwo kango yana ta ƙara, wayoyi na ringin, wannan da wa'azi, wannan da kukan jariri, wannan da kiɗan kalangu, awaki sun taru a bakin ƙofa suna leƙe. Komai na nan a jere, har ya share wurin kafin ya sauke. Babu wanda ya iya dukansa, don babu wanda dariya ta bari ya ɗaga sanda. Mai shayi ne kawai ya yi ƙorafi, wai wayarsa ba ta cika ba.

Wata rana Sallau ya zo gaida Baba, Nomau na gefe yana gyaran ƙotar fartanya. Sallau ya ce ya riga ya juye kaset ɗin Maraɗi a sabuwar laftof, ya fito tangaran. Amma ba ya son ya jona Nagoma Ƙarami da manhajar da bai san halinta ba sai an fara juye waƙoƙin a wani wuri an adana, ko da wani abu zai faru. Ya ce ya sa ƙaninsa ya aiko masa da memori mai kyau, a ɗan jira. Nomau ya ga wannan ai ba abin da za a jira Kano ba ne. Da Baba ya kishingiɗa bayan azahar, Nomau ya zare masa ɗan emfitirin daga aljihu, ya ɗauko sabon tulun Hansai ya zubar da ruwan ciki, ya kai bayan rumbu. Ya kunna waƙa ya ƙure ƙara, ya zura iyafis cikin tulu, ya kife emfitirin a baki yana ɗan girgiza shi don kada wata ta maƙale. Haka ya zauna har rana ta yi sanyi. Da ya ga ya isa, ya rufe bakin tulun da faifai, ya kwaɓa laka ya shafe, ya mayar wa Baba kayansa, ya tafi sallar la'asar yana jin ya yi abin kai.

Hansai ta zo ɗiban ruwa ba ta ga tulu ba. Ta same shi a bayan rumbu da laka a baki. Ta ɓamɓare ta leƙa, ba komai. Daidai nan Nomau ya shigo, ya daka tsalle ya toshe bakin tulun da hularsa. Ya kara kunne a hankali, bai ji komai ba sai wani ɗan gurnani can ƙasa, irin wanda kowane tulu yake yi.

“Kin sake su,” ya ce da ita. “Saura wutsiyar gurmi kaɗai.”

Hansai ta tambaye shi wa ta sake. Ya ce waƙoƙin Baba, da na noma da na biki, har da Inna. Ya bi tsakar gida yana leƙa ƙarƙashin turmi da akurkin kaji. Hayaniyar ta tashi Baba, ya sa iyafis ya danna, sai ga waƙa ta fito. Ya miƙa wa Nomau kunne ɗaya. Nomau ya saurara, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce ashe gida suka gudo, dama ya lura ba su so shiga tulun ba. Tun da ciwo ya kama Baba ba a ji dariyarsa ba sai ran nan. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, Hansai ta juya baya tana toshe baki da gefen zane, don ba ta dariya a gaban suruki.

Wata rana, wato kashegarin ranar tulu, Baba ya danna Nagoma Ƙarami ya ji shiru. Daɗewar da ya yi yana rera wa tulu waƙa ya tsotse batirin ƙaf. Baba ya ba Nomau ya ce ya kai wa Sallau ya duba, shi kuma ya sa Hansai ta dama masa fura. Nomau ya tarar da Sallau da waya a kunne yana magana da wani. Sallau ya karɓi emfitirin da hannu ɗaya, ya danna, ya girgiza kai, ya janye wayar daga kunne ya ce, “Nagoma ya mutu. Sai an sa shi a wuta.” Ya mayar da waya kunne ya ci gaba da maganarsa. Nomau ya tsaya ƙiƙam. Yanzu-yanzu ya baro mahaifinsa da rai, amma ga shi an bugo wa Sallau waya, kuma Sallau ba ya ƙarya. Ya fito daga shagon yana salati yana kuka. Duk wanda ya tare shi sai ya ce Baba ya cika. Bai wuce gida ba sai da ya biya ta wajen Liman, don zancen wutar ya fi na mutuwar yi masa ciwo. Ya faɗi gabansa ya ce shi bai san mahaifinsa da cin haƙƙin kowa ba, gurmi kawai ya kaɗa, yaya Sallau zai yanke masa wuta tun ba a yi masa wanka ba.

Kafin ka ce me, gari ya ɗauka. Liman a gaba, dattawa a baya, matasa sun fara neman diga da shebur, mata sun yafa mayafi sun nufi cikin gida. Aka yi sallama a zaure, aka ji an amsa daga ciki. Baba Nagoma ne zaune a kan buzu da ƙwaryar fura a cinya, ludayi a hannun hagu. Na gaba suka ja da baya suka taka na baya. Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya tambaya wa ya rasu. Liman ya yi gyaran murya ya ce, to, yadda labari ya zo musu dai, shi ne.

Baba ya ajiye ludayi ya ce a shigo a zauna, tunda an riga an zo. A cikin taron akwai Ɗanjimma mai kalangu, abokin yawon kiɗansa na shekara da shekaru, wanda wata 'yar magana ta shiga tsakaninsu, tun da Baba ya kwanta bai taka gidan ba. Shi ne ya taho tun daga kan hanya yana sharɓar hawaye yana cewa an yi rashin da ba za a mayar ba, ba a taɓa yin mai gurmi kamar Nagoma ba. Yanzu ya laɓe bayan Liman yana goge fuska. Baba ya hango shi.

“Ɗanjimma, me kake cewa ɗazu a waje? Kunnena ya yi nauyi, maimaita.”

Ɗanjimma ya ce shi bai ce komai ba. Mutane suka ce ya faɗa, kowa ya ji. Sai da ya maimaita, Baba ya ce bai ji ba, ya sake maimaitawa da ƙarfi, sannan Baba ya miƙa masa ludayi suka sha furar tare. Nomau kuwa yana rungume da ƙafafun mahaifinsa yana godiya ga Allah da ya dawo da shi. Liman ya aika aka kira Sallau, ya ce masa daga yau in zai yi magana da Nomau ya riƙa tauna ta tukuna.

Wata rana, ranar Juma'a ce, haƙurin Baba ya ƙare. Memorin Kano bai zo ba, ƙanin Sallau kullum sai ya ce ya manta. Ga shi Ɗanjimma ya ji labarin kaset ɗin Maraɗi, ya ce ai shi ya kaɗa kalangu a wannan gayyar, kuma yau da yamma zai zo su saurara tare. Baba ya aiki Nomau da Nagoma Ƙarami ya ce a gaya wa Sallau yau yake so. Sallau ya ce to, ai sabuwar manhajar nan an ce wayo ne da ita, komai da kanta take yi, Allah ya sa a dace. Bayan an sauko daga masallaci ya jona emfitirin da laftof, allo ya fara juyi yana nazari. Sai ga wani ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofa ya ce surukar Sallau ta sauka a tasha da buhunan kaya, tana tsaye a rana tana tambayar ko ba ta da suruki a garin nan. Sallau ya miƙe yana neman makullin babur. Ya manta da gargaɗin Liman gaba ɗaya. Yana fita yake cewa Nomau, “Za ta yi tambaya a allon nan. In ta tambaya, ka ce mata eh.”

Ba a jima ba wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo, da rubutun Turanci da maɓallai biyu a ƙasa. Nomau ya gyara zama, ya gyara hula, ya ce, “Eh.” Akwatin bai motsa ba. Ya matso kusa ya ce eh. Ya ɗaga murya ya ce eh. Ya yi tunanin ko ladabi take so, ya ce eh ranki ya daɗe. Ya zagaya ta baya inda iska ke fita, yana zaton nan ne kunnenta, ya faɗa mata a nan. Masu zuwa karɓar waya suka fara tsayawa. Mai shayi ya ce ai Baturiya ce, da Turanci za a amsa mata. Nomau ya ce yes. Wani Bafulatani da ya kawo wayarsa caji ya gwada da Fillanci. Wani tela ya ce a matsa masa, ai danna maɓallin nan kawai za a yi, ya miƙa hannu. Nomau ya kama hannun ya mayar masa da shi a hankali, ya ce Malam Sallau cewa ya yi a ce mata, bai ce a taɓa ta ba, kuma shi ya riga ya ga abin da taɓa kwamfuta yake jawowa, gona guda ya nome a kai. Ya baje kafaɗu ya tare gaban tebur, ya ci gaba da cewa eh.

Surukar Sallau ba ta sake shi da wuri ba. Sai da ya kai ta gida, ya dawo ya kwashi buhuna, ya zauna aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya. Da ya dawo shago la'asar ta yi, ya tarar da taro, Nomau muryarsa ta dushe, eh ɗin ma da ƙyar take fita. Sallau ya dubi allo ya ga aiki ko farawa bai yi ba. Ransa ya ɓaci. Ya ture mutane ya zauna, yana faɗa yana cewa ɗan wannan abin ma sai an tsaya a kan mutum. Ya kama maus ya kai kibiya kan maɓallin. Shi dama haka ya saba, in akwati ya fito ba ya karantawa, dannawa yake ya wuce.

Nomau ya dafa kafaɗarsa ya ce da dusasshiyar murya, “Malam Sallau, don Allah me ta tambaya ne? Tun ɗazu nake cewa eh, ban san abin da na yarda da shi ba.”

Sallau ya yi tsaki, ya ce bari ya karanta masa ya huta. Ya fara bin rubutun da yatsa yana fassarawa. Ta ce wannan na'ura an saba haɗa ta da wata manhaja daban. Ta ce in ana so a haɗa ta da wannan, za ta goge duk abin da ke cikinta, ta maye shi da abin da ke nan. Muryarsa ta yi ƙasa. Ya sake karantawa, wannan karon a zuci. Abin da ke cikin sabuwar manhajar waƙa ɗaya ce tak, ta kaset ɗin Maraɗi. Ya janye hannunsa daga kan maus a hankali, ya ɗora a cinya. Tela ya dubi hannunsa da Nomau ya mayar masa, ya sa shi a aljihu.

Sallau ya danna ɗaya maɓallin, na a'a. Ya kori kowa ban da Nomau, ya rufe ƙyaure rabi, ya bugo wa wani abokinsa da ya san manhajar, suka yi ta magana. Ya shiga cikin saitinta ya hana ta yin komai da kanta. Ya fara jawo waƙoƙin daga Nagoma Ƙarami zuwa laftof, da sunayensu da jerinsu, yana buɗe wannan yana buɗe waccan don ya tabbata sun iso lafiya. Sai da ya ga komai ya zauna a wuri biyu, sannan ya ɗauki waƙar Maraɗi da hannunsa ya sa ta cikin na noma, inda Baba ya ce. Nomau na zaune a benci yana shan ruwan zafi da citta da mai shayi ya aiko masa saboda maƙogwaro.

Gab da magariba suka isa zaure tare. Ɗanjimma ya daɗe da zuwa. Baba ya karɓi kayansa, ya sa iyafis ɗaya ya ba Ɗanjimma ɗaya, ya bi jerin da babban yatsa tun daga farko har ƙarshe, yana ɗan tsayawa a kan kowace. Da ya tabbata babu wadda ta ɓace ko ta canja wuri, ya koma kan sabuwar. Tsofaffin biyu suka haɗa kai kamar yara, Ɗanjimma na kaɗa yatsu a gwiwa yana cewa a ji nan, a ji nan, shi ne wannan.

Da waƙar ta ƙare Baba ya tambayi abin da ya tsayar da su haka. Sallau ya sunkuyar da kai ya ba da labari bai rage komai ba, har da nasa gangancin. Baba ya juya wajen ɗansa ya ce, “Auta, kai me ka gani?”

Nomau ya ce shi dai ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ce mata eh da Hausa, ya ce da Turanci, ya faɗa ta gaba ya faɗa ta baya, ta ƙi ji. Ya ce a ba shi haƙuri, amma a ganinsa an cuci Malam Sallau a Kano, kurmar kwamfuta aka aiko masa.

Baba ya dafe aljihun ƙirjinsa ya ce, “Allah ya ƙara mata kurumta.”

Sallau ne ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.